Tambaya da Amsa: Ina Aka Yi Saken da Ɗalibai Suka Kasa Karatu da Rubutu?

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan daga Jihar Kebbi suka fito, kuma kukansu ɗaya ne: yara suna shafe shekaru a makaranta, amma karatunsu da rubutunsu ba sa nuna haka. Na zaɓi huɗu daga ciki, na taƙaita su saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ɗana ya gama babbar sakandare bara, kuma sakamakonsa ya nuna ya sami kiredit a Turanci. Da na sa shi ya rubuta takardar neman aiki, sai ya cika rabin shafi babu aya babu waƙafi, kalmomin ma da yawa ba daidai ba. Na ce to ya rubuta wa kakarsa wasiƙa da Hausa, nan ma abin bai yi kyau ba. Ni iyakata aji bakwai na firamare, amma har yau ni nake rubuta wa maƙwabta takardu. Shin ƙwaƙwalwar yaran yanzu ce ta toshe, ko kuwa wayar hannu ce ta lalata su?
Daga wani mahaifi, Argungu.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya shirya mana zuriya. Ƙwaƙwalwar yaran yanzu lafiyarta lau, domin yaron da yake haddace izu goma a Islamiyya, ko yake lissafin buhunan shinkafa da ka a kasuwa ba tare da kuskure ba, babu wanda zai ce masa daƙiƙi. Ciwon ɗanka ya fara tun kafin ya riƙe waya. Ya fara ne tsakanin aji ɗaya da aji uku na firamare, lokacin da ya kamata a zaunar da shi a koya masa haɗa baƙi da wasali har karatu ya zauna masa a baki.

An tsara manhajar makaranta a kan cewa yaron da ya shiga aji huɗu ya riga ya iya karatu, saboda haka daga nan kowane darasi ta hanyar littafi da allo yake zuwa. Wanda ya tsallake wannan mataki bai iya ba, babu wanda zai sake komawa da shi baya, tun da yanzu da wuya a sa yaro ya maimaita aji. Sai ya koyi wata dabarar rufin asiri, wato kwafar duk abin da aka rubuta a allo. Littafinsa zai cika, iyaye su duba su ji daɗi, alhali zanen haruffa kawai yake yi, bai san abin da suke cewa ba. Idan ya isa sakandare kuma sai a ɗora masa nahawu a matsayin hadda: ya faɗi ma'anar suna, ya faɗi ma'anar aikatau, ya zaɓi amsa ɗaya cikin huɗu. Zai iya yin duk wannan bai taɓa gina sakin layi guda da kansa ba. Matsalar ba tamu kaɗai ba ce, domin wani rahoton Bankin Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara goma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ba sa iya karanta gajeren labari su fahimce shi. Sai dai yawan masu ciwo ba ya rage wa kowa zafin nasa.

Ka tuna malamin da ya koyar da kai. Mai yiwuwa ya fito ne daga kwalejin horon malamai, inda ya yi shekaru ana koya masa abu ɗaya tak, wato yadda ake koyar da ƙananan yara: yadda ake rubutu a allo, yadda ake ba da shifta, yadda ake sauraron karatun yaro a gyara masa. A 1976 aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wanda aka fi sani da UPE, yara suka yi ta kwarara cikin makarantu fiye da yadda ake da malamai, har aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a wannan shekarar domin a horar da malamai daga nesa. Daga baya aka rufe waɗancan kwalejojin horon malamai, takardar NCE, wadda ake samu a kwalejin ilimi, ta zama mafi ƙarancin shaidar malanta. Niyyar mai kyau ce, amma da yawa daga cikin masu wannan takarda fannonin sakandare suka karanta, kamar tattalin arziki ko tarihi, sannan aka tura su aji ɗaya ba tare da an taɓa nuna musu yadda ake fara koyar da karatu ba. Ga shi kuma sau da yawa kwalejin ilimi ta zama mafakar wanda bai sami gurbin jami'a ba. Lokacin da Gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa a 2017, sama da 21,000 ba su kai makin da aka gindaya ba. An yi jayayya mai zafi a kan yadda aka shirya jarrabawar, kuma ni ba na cikin masu ɗora wa malami laifin duka, domin shi ma tsarin nan ne ya haife shi, ga albashin da ba ya kai shi ƙarshen wata. Amma wanda bai ƙware a rubutu ba, ba shi da abin da zai ba ɗalibinsa.

Adalci ne kuma mu faɗi cewa a zamaninku 'yan kaɗan ne suke shiga boko, aji bai cika wuce yara talatin ko arba'in ba. Yau ɗan manomi da ɗan masunci da 'yar mai tallar fura duk suna cikin aji, kuma wannan alheri ne da bai kamata mu yi da-na-sanin samunsa ba. Abin da ya ɓace a cikin wannan cunkoso shi ne jan biro. Malamin Turanci ko na Hausa da ke riƙe da azuzuwa biyar, kowanne cike maƙil, ba zai iya duba insha'in ɗaruruwan ɗalibai kowane mako ba, don haka sai ya daina bayarwa. Shifta ma ta bi sahu. Nahawu kuwa ba ya shiga hannu sai ta hanya biyu: yawan karanta rubutu mai kyau, da kuma yin rubutu a gyara maka, ka sake rubutawa.

Mu mutanen ƙasar nan bai kamata wannan ya zama mana sabon labari ba. A Gwandu Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna har ya rasu a 1829, kuma cikin abin da ya bari akwai manyan littattafan nahawu da sarfu na Larabci da ya tsara a waƙe, waɗanda har yau ake karanta su a zaurukan malamai. A makarantar zaure ɗalibi ba ya wuce baiti sai ya biya shi a gaban malam, idan ya karya wasali ɗaya a tsayar da shi nan take. Wannan sauraro na ɗaya bayan ɗaya shi ne abin da ajin boko ya rasa.

Waya tana da nata kason laifi, musamman gutsure kalmomi da saƙon murya da ya ɗauke wa matasa wahalar rubutu gaba ɗaya. Amma wanda ya iya rubutu, da gangan yake taƙaitawa a waya, gobe kuma ya rubuta takarda tsaf. Wanda bai iya ba ne rubutun waya yake zame wa iyakar abin da ya sani. Batun kiredit kuwa, ba zan zargi ɗanka da abin da ban gani ba, amma kowa ya san yadda satar amsa ta yi katutu, har iyaye da kansu suke biyan kuɗi a kai 'ya'yansu cibiyoyin da ake rubuta amsa a allo. Wannan ya sa takardar sakamako ta daina zama ma'aunin abin da ke cikin kai.

Shawarata ita ce ka zauna da shi ku biyu, ba a gaban ƙannensa ba, ka ba shi jarida ko wani littafi mai sauƙi ya karanta a bayyane, domin ka gane inda yake tuntuɓe. Idan a haɗa gaɓoɓi ne, ku koma can ba tare da jin kunya ba. Ya riƙa karanta shafi biyu ko uku kullum, ya kuma rubuta maka shafi ɗaya kowane mako a kan abin da ya sani, kamar yadda ake dashen shinkafa a fadama ko yadda ranar kasuwa take gudana. Ku fara da Hausa, ka gyara masa aya da waƙafi da babban baƙi, ya sake kwafewa da kyau, sannan ku nemi wanda zai duba masa na Turanci. Aji bakwai ɗinka ya isa wannan aiki.

TAMBAYA: Ni malamar aji biyu ce, kuma yaran ajina sun haura tamanin. Idan na koyar da Turanci zalla sai su zuba mini ido, idan na juya Hausa sai aji ya farfaɗo. Amma wasu iyaye suna ƙorafi cewa Turanci suka kawo 'ya'yansu su koya, Hausa ai akwai ta a gida. Shin ina cutar da yaran ne?
Daga wata malama, Jega.

AMSA: Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Ba kya cutar da su. Iyayen suna da hujjar damuwa, tun da sun san babu shiga jami'a sai da kiredit a Turanci, amma sun haɗa abubuwa biyu da suka bambanta: koyon karatu daban, koyon sabon harshe daban. Yaron da aka ce ya koyi haruffa da sautukansu a harshen da ba ya ji, an ɗora masa kaya biyu a lokaci ɗaya, kuma yawanci duka biyun ne suke zubewa.

Hausar boko tana da sauƙin da ya kamata mu ci moriyarsa. Wasulanta biyar ne a rubuce, kuma kusan yadda ake furta kalma haka ake rubuta ta, don haka yaron da ya kama ba, be, bi, bo, bu ya sami mabuɗin ɗaruruwan kalmomi. Turanci ba haka yake ba, domin harafi ɗaya yakan ba da sautuka daban-daban, wani ma a rubuta shi ba a furta shi. Tun da haruffan harsunan biyu kusan iri ɗaya ne, wanda ya iya karatu da Hausa ba ya sake koyon karatu daga tushe, sai dai ya koyi kalmomin Turanci da ƙa'idojinsa. An jarraba wannan a ƙasar nan tun da daɗewa. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka koyar da wasu yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci yana matsayin darasi a hannun ƙwararrun malamai, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin kansa. A maƙwabciyarmu Zamfara da kuma Katsina an gudanar da shirin RANA na koyar da karatu da lissafi da Hausa a ƙananan azuzuwa, bisa wannan fahimtar.

Manufar ilimi ta ƙasa tun daga 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsa. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a tsawaita hakan zuwa shekara shida, sannan a ƙarshen 2025 ma'aikatar ilimi ta tarayya ta sanar da janye wannan mataki da komawa ga Turanci. A ganina an yanke wa manufar hukunci ba tare da an ba ta littattafai da horarrun malaman da za su aiwatar da ita ba. Abin da ake yi a yawancin azuzuwanmu wani gauraye ne: a rubuta Turanci a allo, a fassara da baki, yaro ya tashi bai iya rubuta ko ɗaya ba. Ko wace manufa ake bi, darasin Hausa yana nan a jadawali, kuma babu abin da ya hana ki amfani da shi wajen kafa karatu.

Game da yawan yara, ki ware kwanaki a farkon zango ki gwada su ɗaya bayan ɗaya, ki gane wanda bai san haruffa ba, da wanda ya san haruffa bai iya haɗawa ba, da mai karanta kalmomi, da mai karanta jimla. Ki zaunar da su rukuni-rukuni na awa ɗaya kullum, kowane rukuni da aikin da ya dace da shi, waɗanda suka yi gaba su taimaka wa na baya. Wannan dabara ta koyarwa gwargwadon matakin yaro daga Indiya ta samo asali, kuma ba ta bukatar kuɗi: kwalayen da aka yanka aka rubuta gaɓoɓi a kai sun wadatar. Ki dawo da shiftar kalmomi biyar kowace safiya, yara su yi musayar littattafai su duba wa juna ke kina rubuta amsar a allo. Turanci kuma ki ba shi lokacinsa kullum ta baka, da gaisuwa da waƙoƙi da gajerun umarni, kafin ki matsa musu da rubuta shi. A taron iyaye da malamai, ki fito da yaro ya karanta labarin da bai taɓa gani ba a gabansu, domin wannan ya fi dogon bayani gamsar da uba.

Jan hankali ɗaya ga abokan aikinki na ƙasar Zuru da Yawuri da rugagen Fulani: akwai yaran da C'lela ko Kambarci ko Fulatanci ne harshensu na gida, don haka a tabbatar yaro yana jin Hausar kafin a ɗauka an sauƙaƙa masa.

TAMBAYA: Malam, ina karanta Hausa a kwalejin ilimi. Malaminmu yana yawan rage mini maki idan na rubuta "shina" ko "wanga" ko "kassuwa", alhali haka muke magana tun kakanni. Yana kuma jan layi a ƙarƙashin "shine" da "yazo". Shin Hausarmu ce ba daidai ba?
Daga wani ɗalibi, Birnin Kebbi.

AMSA: Ɗana, layukan da malaminka yake ja iri biyu ne, kuma ya kamata ka rarrabe su. Na farko ya shafi karin harshe. Hausar da ake yi a ƙasashen Kabi da Gwandu da Sakkwato da Zamfara ba kuskure ba ce, masana harshe ma suna ganin ta riƙe tsofaffin siffofi da wasu kare-karen suka saki, kuma da ita manyan mawaƙan fada na yankin nan suka yi fice. Sai dai an yi ittifaƙi a kan Daidaitacciyar Hausa, wadda ta fi kusa da karin Kano, domin a sami salon rubutu guda da ɗan Yawuri da ɗan Haɗeja da ɗan Damagaram za su karanta ba tare da tsayawa ba. Aikin ya ɗauki shekaru: Hanns Vischer, jami'in ilimi na zamanin Turawan mulki wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin farko a 1912, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta yaɗa salon daga 1939, aka kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, sannan aka yi tarurrukan daidaitawa a Bamako a 1966 da Yamai a 1980. Saboda haka a jarrabawa da takardar aiki ka rubuta "yana" da "wannan" da "kasuwa". Idan kana rubuta waƙa, ko kana kawo maganar wani dattijo yadda ya faɗe ta, karinka ne ado. Ya dace malami ya bayyana wa ɗalibai haka, kada su tashi suna raina harshen iyayensu.

Layi na biyu kuwa kuskure ne a kowane kari. "Shi ne" kalmomi biyu ne, haka "ita ce", wadda idan ka haɗe ta ka koma maganar itacen girki. Wakilin suna ba ya mannewa da aikatau, don haka "ya zo" da "za su tafi" ake rubutawa, amma "yana" da "suna" a haɗe suke. Gajeriyar mallaka tana mannewa, kamar "gonarmu" da "littafinsa", doguwar kuma tana tsayawa da ƙafarta, kamar "gonar nan tamu ce". Kada kuma ka yi sakaci da ɓ da ɗ da ƙ, domin su ne suke raba fada da faɗa, kuma yanzu ana samun su a madannin waya idan aka zaɓi Hausa. Na tsawaita a nan ne saboda gobe kai ne a gaban allo, kuma duk abin da ka rubuta a kai yara da yawa za su kwafa su ɗauka shi ne daidai.

TAMBAYA: Rashin tsaro ya raba mu da ƙauyenmu, 'yata ta yi kusan shekara biyu ba ta zuwa makaranta. Shekarunta goma sha ɗaya, amma ta manta ɗan abin da ta iya. Ni ban yi boko ba, karatun allo kawai na yi. Me zan iya yi mata?
Daga wata uwa, ƙasar Yawuri.

AMSA: Baiwar Allah, Allah ya kawo mana zaman lafiya, ya mayar da ku gida cikin aminci. 'Yarki tana cikin dubban yaran da karatunsu ya katse, daga rufe makarantu saboda annobar korona a 2020, zuwa sace ɗalibai a Jangebe a watan Fabrairu na 2021 da Birnin Yawuri a watan Yuni na shekarar, abin da ya sa aka rufe makarantu da yawa, iyaye kuma suka ji tsoron tura 'ya'yansu. Karatun da bai gama zama ba yana saurin gushewa, amma yana saurin dawowa idan aka koma masa.

Ki kai ta makarantar gwamnati mafi kusa da inda kuke zaune, ki roƙi hedimasta a gwada karatunta kafin a sa ta a aji, kada a bi shekarunta kawai. Ke kuma kada ki raina abin da kika sani. Wadda ta yi babbaƙu da farfaru ta riga ta san cewa baƙi da wasali ne suke haɗuwa su ba da sauti, kuma kunnenki zai gane idan karatu yana tafiya daidai ko ana cin tuntuɓe. Ki samo mata littafin Hausa na aji ɗaya ko biyu, ki zaunar da ita bayan sallar magariba ta karanta miki a bayyane, ki riƙa tsayar da ita kina tambayar abin da labarin ya ce. Wata rana ki yi mata tatsuniya, ta maimaita miki da bakinta, sannan ta rubuta jimla uku daga ciki. Ki nemi wata ɗalibar sakandare a maƙwabta ta duba rubutun sau biyu a mako, ta gyara, 'yarki kuma ta sake kwafe shi a sabon shafi.